Baƙauye ya shigo birni: wa ya kamata a yi wa dariya?

1/ Zare ne mai tsawo, ku gyara zama. 🧵 Magana ce a kan wani littafi da nake ganin muna bin marubutanmu bashinsa: labarin ban dariya na mutum mai farar zuciya da ya faɗo cikin duniyar BVN da NIN da POS. Kuma a ganina, a yankinmu na Funtua da Malumfashi ya kamata a kafa labarin.

2/ Ra'ayina a taƙaice, don masu sauri: mun kusa shekara 90 muna yi wa baƙauye dariya, a littafi, a fim, yanzu kuma a TikTok. Dariya ba laifi ba ce. Abin da ke damuna shi ne kullum mutum ɗaya take nunawa da yatsa, alhali ba shi kaɗai ne abin dariya a wurin ba.

3/ Mu fara daga gida. A Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a ƙarshen shekarun 1930, akwai labarin wani baƙauye da waɗansu 'yan birni. Duk wanda ya yi Hausa a sakandare zai tuna. Mutum ya taho da jakinsa da akuyarsa mai ƙararrawa a wuya, 'yan birni uku suka haɗa baki a kansa.

4/ Na farko ya kwance akuya, ya ɗaura ƙararrawar a wutsiyar jaki don kada mai ita ya farga. Na biyu ya ce ya ga ɓarawon, kawo in riƙe maka jakin ka bi shi. Na uku ya zauna a bakin rijiya yana kukan dukiyarsa ta faɗa ciki, sai da ya sa shi ya tuɓe ya shiga, ya kwashe tufafin ya yi gaba.

5/ A aji, idan aka zo nan, kowa sai ya kwashe da dariya: kai wannan akwai sakarai! To amma ku sake duba labarin da idon manya. Me mutumin nan ya yi? Ya yarda da wanda ya ce zai taimake shi. Ya tsaya wa wanda ya gani yana kuka. Ko da akwai ɗan kwaɗayin lada a ciki, da halinsa na kirki aka kama shi.

6/ Yanzu ku canja musu kaya. Na biyun nan shi ne mai tsayawa a bakin ATM yana cewa "Baba kawo in cire maka", ya musanya kati. Na ukun shi ne mai bugo waya ya ce daga banki yake, za a rufe asusunka in ba ka karanto lambar da aka turo maka ba. Jaki da akuya ne kawai suka koma cikin waya.

7/ Bayan Imam, baƙauye bai bar adabinmu ba. A Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, na ƙarshen shekarun 1970, saurayi ya bar ƙauye ya nufi birni, birni ya lalata shi. Wannan ba littafin dariya ba ne, gargaɗi ne: zauna a gida, abin da kake hange ba shi ba ne.

8/ Sai talabijin da fim. Iyayenmu sun yi zamani da su Samanja da Karkuzu da Ƙasimu Yero. Mu kuma mun tashi da Rabilu Musa Ɗan Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, Allah Ya jiƙansa. Sau nawa muka ga Ibro ya shigo gari da ƙullin kayansa yana ƙare wa benaye kallo?

9/ Abin da ya sa Ibro ya yi zarra, a nawa ganin, shi ne ba ya tsayawa a matsayin wanda ake yi wa dariya. Yakan shigo a wawa, kafin a tashi ka ga alhajin gidan da boka da ɗan sanda duk sun fi shi zama abin kallo. Yana cikin shirme zai jefo tambayar da kowa ke tsoron yi.

10/ Da yawa daga masu kwaikwayonsa a TikTok sun ɗauki shirmen, sun bar tambayar. A shafa baƙi a haƙori, a sa riga a baibai, a riƙe waya a juye, a ce "netuwak". An gama. Kwana biyu an samu masu kallo dubu ɗari, ba wanda ya tashi da wani tunanin da bai zo da shi ba.

11/ Haka a littattafan da ake turawa a WhatsApp da Wattpad. 'Yar ƙauye an kawo ta aikatau gidan masu kuɗi, ta ga firji ta tsorata, ta ga kanta a madubi ta gaishe ta. Sai an yi mata wanka, ta koyi Turanci, ɗan mai gida ya so ta, sannan labarin ya fara ɗaukarta a matsayin mutum.

12/ To ya wasu suka yi da irin wannan hali a nasu adabin? A 1759 wani Bafaranshe, Voltaire, ya fitar da Candide. Saurayi ne da malaminsa ya cusa masa cewa duk abin da ke faruwa a duniya shi ne mafi kyau da zai iya faruwa. Yaro ya yarda ɗari bisa ɗari, ya shiga duniya da wannan karatu.

13/ Ya ga yaƙi, ya ga girgizar ƙasar Lisbon ta 1755, ya ga bauta da zalunci da sunan addini da sunan sarauta. Kana dariya, amma kafin ka kai rabi za ka lura ba yaron kake wa ba. Malamin kake wa, da sarakuna, da masu wa'azin haƙuri alhali cikinsu a ƙoshe. A ƙarshe ya tattara ya koma noman ɗan lambunsa.

14/ Akwai Being There na Jerzy Kosinski, aka yi fim ɗinsa a 1979. Mai kula da lambu ne, bai san komai ba sai shuka da talabijin. Ya faɗa hannun manyan Amurka. Duk abin da aka tambaye shi sai ya yi zancen shuka da yanayi, su kuma su ɗauka hikima ce mai zurfi a kan tattalin arziki. Har shugaban ƙasa.

15/ Forrest Gump da kuka sani a fim ɗin Tom Hanks na 1994, asalinsa littafi ne na Winston Groom, 1986. Kusa da mu kuma akwai Osuofia in London na 2003: Nkem Owoh ya bar ƙauyensu ya tafi Landan karɓar gadon ɗan'uwansa, masu kwat da taye suka shirya cinye shi, ƙarshe su suka sha kunya.

16/ Dabarar ɗaya ce a dukkansu. Mai farar zuciya kamar mudu ne: da shi ake auna gari. Yana ɗaukar magana yadda aka faɗe ta. An ce ofis na jama'a ne, sai ya shiga kai tsaye. An ce kuɗinka ne, sai ya ce a ba shi. Daga nan ake gane wa ke faɗin abin da ba ya nufi.

17/ Akwai kuma misalin yadda abin ke ɓaci, kuma a Arewa aka kafa shi. Mister Johnson, na Joyce Cary, 1939, shekarar da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo. Cary ya yi aikin mulkin mallaka a ƙasar Borgu. Ya rubuta labarin wani akawu baƙar fata a wani gari na ƙirƙira mai suna Fada.

18/ Akawun kullum cikin waƙa da rawa da cin bashi, yana son Bature kamar ransa, har ya kai ga sata da kisa, a ƙarshe Baturen da yake ƙauna shi ya harbe shi. Turawa sun yaba littafin sosai. Chinua Achebe ya karanta shi yana ɗalibi a Ibadan, ya ga ba mutum aka zana ba, abin wasa ne.

19/ Achebe ya sha faɗin cewa littafin nan na cikin abubuwan da suka tunzura shi ya rubuta nasa, Things Fall Apart, 1958. Ku riƙe wannan. Mu da muke jin haushin yadda Bature ya zana ɗan Afirka, kusan da alƙalami iri ɗaya muke zana mutumin Kafur ko Dandume idan ya shigo Kaduna.

20/ Mu dawo gida. Abu na farko da marubucin zai gyara a kansa: manomin yankinmu ba baƙon zamani ba ne. Sikelin auduga na kamfanin BCGA ya daɗe a nan har sunan ya narke a bakin mutane ya zama Bisije. Jirgin ƙasa ya iso Funtua tun ƙarshen shekarun 1920, a kan layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda.

21/ A tsakiyar shekarun 1970 Bankin Duniya ya tallafa wa shirin raya noma na Funtua, tare da na Gusau da na Gombe, su ne ADP na farko a Najeriya. A 2012 aka zo da rabon taki ta saƙon waya. A 2015 aka ƙaddamar da bashin Anchor Borrowers. Kowane da fom ɗinsa, da taronsa, da alkawarinsa.

22/ Ke nan tsohon da kake gani a layin banki da hular da ta sha rana, ya ga tsare-tsaren gwamnati fiye da yadda kai ka ga semista. Rashin saninsa ba na duniya ba ne. Na wani sabon yare ne da ake sauyawa duk bayan shekara uku, ba tare da an yi shawara da shi ba.

23/ Ga yadda nake hango littafin. Ba zan ba mutumin suna ba, marubuci ya zaɓa. Manomin masara da auduga ne a wani ƙauye tsakanin Bakori da Malumfashi. Bai taɓa cin bashin da bai biya ba. Aibinsa ɗaya: in hukuma ta faɗi magana, yarda yake yi.

24/ Babi na ɗaya, zanen yatsa. Wannan na gani da idona a kan kawuna, a wani banki. Na'ura ta ƙi ɗaukar yatsansa. A goge, a sake, a shafa mai, a hura. Shekara arba'in na riƙon fartanya da ɓarar masara sun shafe zanen. Ma'aikacin ya ce, "Baba, na'ura ba ta ganinka."

25/ Kawu ya dubi hannunsa, ya dubi yaron, ya ce, "Ɗana, da hannun nan na noma abin da ka karya da shi yau. In ba ta gan shi ba, ita ya kamata a kai asibiti." Layi gaba ɗaya aka fashe da dariya, har shi ma'aikacin. Irin dariyar da nake nufi ke nan. Ba wanda ya muzanta, kuma kowa ya gane inda gizo ke saƙa.

26/ Babi na biyu, ranar haihuwa. Shi dai ya san an haife shi shekarar da aka yi fari, da kaka, ranar kasuwa. Fom ba shi da gurbin wannan. Sai aka rubuta masa 1 ga Janairu. Ya waiga ya ga duk sa'anninsa na ƙauyen 1 ga Janairu aka haife su. Ya ce ashe ungozoma ta sha aiki a daren nan.

27/ Babi na uku, suna. A BVN, da aka fara a 2014, shi Muhammadu ne. A NIN Mohammed. A katin zaɓe Mamman. Da aka ce a haɗa NIN da layin waya daga Disambar 2020, kwamfuta ta yanke hukuncin mutum uku ne. Sai ya je kotu ya yi rantsuwa, ya biya kuɗi, cewa shi ne shi.

28/ Babi na huɗu, taki. An ce ya jira saƙo a waya. Shi ya san masara ba ta jira: kamfa da wuri bayan tsiro, yuriya kafin ta fitar da kai. Saƙo ya iso bayan masara ta yi goyo. Ya je karɓa aka ce sunansa na nan, amma wani ya riga ya sa hannu a madadinsa. Ya tambaya ko wanin zai zo ya taya shi biyan bashin.

29/ Babi na biyar, sabis. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda matsalar tsaro, har da Funtua da Bakori da Malumfashi, sai a Disamba aka dawo da su. Mutumin da aka shekara ana cewa ya koma harka da waya, ya koma, sai aka kashe wayar.

30/ Waɗanda suka zauna a gida lokacin sun san yadda aka yi. Mutane na shiga mota su nufi hanyar Zariya don kawai su ga ko alat ya shigo. Wasu na rubuta wasiƙa su ba direba, kamar zamanin kakanninmu. Marubuci ba ya buƙatar ƙara gishiri a nan, ya rubuta yadda aka yi kawai.

31/ Babi na shida shi ne zuciyar littafin: canjin kuɗi. A Oktobar 2022 Babban Banki ya sanar da sauya ₦200 da ₦500 da ₦1,000. Daidai lokacin kaka, lokacin da manomi ke sayar da amfani ya riƙe kuɗin shekara a hannu. Wa'adi 31 ga Janairun 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu.

32/ Mutumin namu mai biyayya ne. Ya kwashe kuɗin masararsa kaf ya kai banki kafin wa'adi. Ya dawo washegari ya ce a ba shi kaɗan a sababbi zai yi cefane, aka ce babu. Ya ce to a maido masa tsofaffin, aka ce an hana. Ya ce to ina kuɗin? Aka nuna masa lamba a fuskar waya.

33/ Ya je wurin mai POS, aka ce sai ya biya lada mai tsoka kafin a ba shi nasa. Ya ce shi a saninsa da kuɗi ake sayen kaya, yau kuma kuɗin ake saye, to da me? A kasuwa kuwa mai tsabar kuɗi ya zama sarki, yana karya farashin buhu yadda ya ga dama, don kowa na neman takarda.

34/ Sai ga Kotun Ƙoli a ranar 3 ga Maris 2023 ta ce tsofaffin kuɗi na nan daram. Maƙwabcinsa mai taurin kai, wanda ya ƙi kai nasa ya tura su cikin rumbu, shi ya wayi gari da riba. Ku faɗa min, a babin nan gaba ɗaya, a ina wautar baƙauye take?

35/ Babi na bakwai, don a huta. Ya ji a rediyo an buɗe tashar jiragen ruwa ta kan tudu a Funtua, a 2024. Ya hau mashin ya zo kallon jirgi. Ya zagaya bai ga ko kwalekwale ba. Ya tambayi mai gadi ko daga dam ɗin Mairuwa za a jawo ruwan.

36/ A nan za a yi masa dariya, kuma ya halatta. Amma da aka yi masa bayani cewa wurin tantance kaya ne, a rufe kwantena a nan, jirgin ƙasa ko tirela ta kai bakin teku, sai ya ce, "To madalla. Yaushe jirgin ƙasan ke zuwa?" Wannan tambayar ba ta wawa ba ce. Masana ma ita suke yi.

37/ Akwai babin da dariya za ta maƙale a wuya. A wasu ƙauyukan yankin nan, musamman na bakin daji wajen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, manoma sun sha biyan 'yan bindiga kuɗi kafin su shiga gonarsu, su sake biya kafin su girbe. Mutumin namu zai tambaya ko akwai rasit, tunda haraji ne.

38/ Candide ya gaji da duniya ya koma lambu, ya samu lafiya. Namu daga gonar aka koro shi. Shi ya sa ba za a iya ɗauko nasu a fassara kawai ba. Ƙarshen da ya zama mafita a wurin Voltaire, a wurinmu shi ne farkon matsalar.

39/ Na san abin da wasu za su ce: ana kashe mutane kana zancen barkwanci? Na ji, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Amma Jaroslav Hašek ya rubuta labarin soja Švejk bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda shi kansa ya shiga. Ken Saro-Wiwa ya rubuta Sozaboy a 1985, a kan yaro marar wayo a yaƙin basasa.

40/ Rahoton "an kashe mutum kaza" mun karanta har zuciya ta yi kanta, muna wucewa zuwa bidiyo na gaba. Mutumin da ya ba ka dariya shafi ɗari, ka san muryarsa, ka san sunan sansa na huɗa, ranar da aka ce ya bar ƙauyensu da tabarma a ka ba za ka iya wucewa haka ba.

41/ Wasu kuma za su ce ina mayar da mutanen ƙauye waliyyai. A'a. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya san algus. Akwai mai zuba tsakuwa a gindin buhu, akwai mai yayyafa wa auduga ruwa kafin a ɗora a sikeli, akwai wanda ya ci bashin noma ya ƙara aure. Duk su shiga littafin.

42/ Kuma a juya hoton. A kawo ɗan jami'a irina, mai waya biyu, a ajiye shi a gona a watan Yuli. Ya bambance dawa da gero tun suna ƙanana. Ya gane wuta-wuta kafin ta cinye masara. Ya dubi gabas ya ce hadarin nan na ruwa ne ko na iska. Ya riƙe garma kunya ɗaya ba ta karkace ba. Za a sha kallo.

43/ Al'adarmu ma ta san wannan. Wasan barkwanci tsakanin Katsinawa da Nufawa, ko Kanawa da Zagezagi, ko Fulani da Barebari, ko tsakanin taubasai, ƙa'idarsa ɗaya: ka jefa, a rama. Wasan baƙauye ne kaɗai muka mayar na hanya ɗaya, mai kyamara ya jefa, wanda aka jefa ba shi da data balle ya rama.

44/ Kada ku ɗauka a allo abin ke tsayawa. Dattijon da ya san za a yi masa dariya in ya ce bai gane ba, ba zai tambayi ma'aikaci ba. Zai fita waje ya miƙa kati da lambar sirri ga wanda ya yi masa fara'a. Kunyar da muka ɗora masa ita ce jarin ɗan damfara.

45/ Wanda kuma ya tashi yana ganin baƙauye abin dariya ne, gobe shi ne zai zauna a ofis ya tsara fom da Turanci zalla, ya sa wa'adin canjin kuɗi ya faɗo a kan kaka, ya ce a yi komai ta manhaja. In abin ya ƙi, ya ce ai mutanenmu ne ba su waye ba. Mu ne fa waɗannan ma'aikatan nan da shekara goma.

46/ Kada mu manta wayewar tamu ma ba ta hana a wanke mu ba. MMM da ta rushe a Disambar 2016, da CBEX a Afrilun 2025, ba manoman Danja suka fi cika su ba. Masu digiri ne da manyan wayoyi. Mu ma an ce dukiya na cikin rijiya, muka tuɓe muka shiga.

47/ Roƙona ga masu rubutu, musamman 'yan'uwa mata da ke riƙe da kasuwar littafin intanet: kuna da masu karatu, kuna da hannu. A jarraba ɗaya da 'yar ƙauyen za ta ci gaba da zama ita har shafin ƙarshe, gidan masu kuɗin ne za a gani ta idonta. Wallahi za a saya.

48/ Ga masu bidiyon barkwanci kuma: ku ci gaba, ba wanda ya ce a daina. Abu ɗaya za ku ƙara. Bayan ya gama riƙe wayar a juye, a bar shi ya yi tambaya ɗaya da mai kwat ɗin zai rasa amsarta. Ibro ya yi, kuma bai rasa masu kallo ba.

49/ Sharaɗi ga duk wanda zai rubuta: ya je ya zauna. Kasuwar Dandume, tashar mota a Malumfashi, layin banki a Funtua ranar Litinin, majalisar bayan la'asar a gindin bishiya. Ya saurari yadda mutanen ke ba da labarin kansu. Sun fi mu iya yi wa abin da ya same su dariya, kuma sun san wa suke wa.

50/ Na tsaya nan. In kana da labarin wata tambaya da baba ko kaka ko inna suka taɓa yi a banki, ko asibiti, ko wurin rajista, wadda ta sa aka yi dariya sannan aka yi shiru, ajiye ta a ƙasa, ban da suna. Wataƙila marubucin yana cikin masu karanta zaren nan. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da yankinmu lafiya.